Ƙwaya da Giya a Cikin Ƙwaƙwalwa: Yadda Suke Kama Mutum da Yadda Ake Ƙwato Shi

Lacca ga iyaye, malaman makaranta, limamai da ma'aikatan lafiya

  

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon bincike mafi faɗi da aka taɓa yi kan shaye-shaye a Nijeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta gudanar da shi tare da UNODC, wato ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma ba a saka giya da taba sigari a lissafin ba. Adadin ya kai kashi 14.4 cikin 100, alhali matsakaicin duniya a lokacin kashi 5.6 ne. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu shan tiramol da kodin da dangoginsu ba da umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6. A cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Jihar Kano kaɗai tana da fiye da mutum miliyan ɗaya.

Bayan waɗannan alƙaluma akwai gidaje, kuma a kowane gida tambaya ɗaya ake yi. Yaro ya yi kuka, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, an yi masa nasiha, an yi masa duka, an kai shi ƙauye wurin kawunsa. Ya dawo da mako biyu, sai ga shi an tsinto shi a bayan kango yana tangaɗi. Uwa ta riƙe haɓa ta ce, "Wai me ya sa ba zai daina ba?" Masana sun kwashe shekara saba'in suna bin wannan tambaya, kuma amsar da suka samo tana cikin ƙwaƙwalwa.

Hanyar da ke koya wa mutum komawa

A 1954, a Jami'ar McGill da ke Montreal ta ƙasar Kanada, wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli. Duk lokacin da ɓeran ya taka maɓallin, 'yar wutar lantarki takan taɓa wani wuri can cikin ƙwaƙwalwarsa. Sai ɓeran ya duƙufa yana takawa fiye da sau dubu cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye masu jin yunwa sun bar abinci a gefe sun ci gaba da taka maɓalli. Abin da aka gano ke nan: a cikin ƙwaƙwalwa akwai hanya ta musamman wadda aikinta shi ne sa mai rai ya maimaita abu.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma da sinadarai suke aika wa juna saƙo. Sinadarin da ke tafiyar da waccan hanya sunansa dofamin. Allah ya halitta shi don rayuwa ta ɗore. Mai ƙishirwa ya kurɓi ruwan randa, ɗan kasuwa ya ƙirga riba, uwa ta rungumi jaririnta, duk dofamin yakan ɗan tashi, ya bar wa ƙwaƙwalwa alama cewa wannan abu yana da muhimmanci, a tuna inda aka same shi, a sake nemansa.

Giya da wiwi da kodin da tiramol da hodar ibilis kowanne ƙofar shigarsa daban, amma duk a nan suke haɗuwa. Suna sa dofamin ya yi ambaliya, da sauri da yawan da abinci ko ciniki ba sa iya kawowa. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar gane cewa saƙon jabu ne. Sai ta ɗora ƙwaya a sahun gaba, sama da abinci da iyali da mutunci.

Wani masani, Wolfram Schultz, ya ƙara haske da gwajin da ya yi kan birai. Da farko dofamin yana tashi ne idan biri ya sami ruwan zaƙi. Da biri ya saba, sai tashin ya koma kan alamar da ke zuwa kafin ruwan, fitila ce ko ƙara. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi wata uku bai sha komai ba, da ya bi ta tsohuwar majalisarsu, ko ya ji fiton wani aboki, ko ya ga an bare kwalbar lemo irin wadda suke haɗa kodin da ita, sai jikinsa ya ɗauki rawa. Sha'awar ta riga tunaninsa isowa.

Ƙwaƙwalwa kuma ba ta zama haka nan a yi mata ambaliya kullum. Takan rage wuraren da ke karɓar dofamin don ta kare kanta. Nora Volkow, likitar da ta zama shugabar cibiyar binciken miyagun ƙwayoyi ta Amurka a 2003, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan giya da hodar ibilis da sauransu, ta ga waɗannan wurare sun ragu ƙwarai idan aka gwada da na wanda ba ya sha. Abu biyu ke biyo baya. Ƙwaya ɗaya da take bugar da shi a da, yanzu sai uku, gobe sai kati guda. Sannan duk wani daɗi na halal ya dushe masa: tuwo ba ɗanɗano, hira ba armashi, ranar salla kamar kowace rana. A daidai wannan lokaci sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fargaba yakan ƙara kaifi, ta yadda da ƙwayar ta sake shi sai ƙunci da faɗuwar gaba da rashin barci su rufe shi. Wanda ya fara sha don nishaɗi, yanzu yana sha ne don ya iya tashi daga kan katifa.

Saura sashen gaba, wanda ke bayan goshi. Shi ne mai auna abin da zai biyo baya, mai cewa a dakata. Idan sha'awa doki ce, wannan sashe shi ne linzami, kuma abin da shaye-shaye ke yi shi ne ya ƙosar da dokin, ya cinye linzamin. Wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka fara shan giya suna da shekara 14 ko ƙasa, kusan kashi 40 cikin 100 sun kamu, waɗanda kuwa ba su fara ba sai da suka kai 20, kusan kashi 10 ne. Saboda haka yaron da ya dafa Alƙur'ani ya rantse, sau da yawa da gaske yake. Sashen da zai riƙe masa alƙawarin ne ya raunana.

Kowace da irin ɓarnarta

Giya, ko ta kwalba ko burkutu ko ogogoro, tana ƙara ƙarfin sinadarin GABA mai kwantar da jijiyoyi, tana danne gilutamet mai zaburar da su. Daga nan ake samun tangaɗi da lauyewar harshe, da wayewar gari mutum bai tuna abin da ya aikata daren jiya ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ƙara zaburarwa don ta daidaita. Idan ya tsaya rana tsaka, sai zaburarwar ta rasa mai tare ta: hannu na karkarwa, gumi na zuba, farfaɗiya na iya biyowa, kuma bayan kwana biyu zuwa huɗu wasu sukan shiga ruɗewa da gane-gane wanda ke iya kisa. Giya tana kuma hana jiki cin moriyar bitamin B1, rashinsa kuwa yana jawo mantuwar da ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

Kodin da tiramol 'yan gida ɗaya ne da hodar hiroyin. Suna zama a wuraren da aka tanada don endofin, maganin raɗaɗin da jiki ke haɗa wa kansa. Waɗannan wurare suna da yawa a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, don haka idan aka zarce sai numfashi ya yi ta raguwa mutum yana barci har ya tsaya. Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa yakan kai 200 ko 225 ko 250 a ƙwaya guda, ga shi kuma yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba.

Roci da baliyam hanyar giya suke bi, shi ya sa haɗa su da kodin ko giya yake saurin kai mutum kabari, kuma su ma tsayar da su farat ɗaya yana da haɗari. Wiwi tana taɓa sashen ajiye karatu da tuna abu, kuma ga matashin da ya fara da wuri yake sha kullum, tana ƙara haɗarin taɓin hankali mai sa jin muryoyi da zargin kowa. Sholisho kuwa, wanda ƙananan yara suka fi shaƙa saboda arha, yana ɗauke da toluwin, sinadarin da ke lalata rufin da ke lulluɓe da jijiyoyi, har ya taɓa tafiya da ji da gani. Yana iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko.

Me ya sa wani ya kamu, wani ya tsira?

Binciken UNODC ya nuna cewa a cikin mashaya biyar, ɗaya ne ya kai matakin ciwo, wato kusan mutum miliyan 3. Nazarin tagwaye da na 'ya'yan riƙo ya nuna gado yana ɗaukar kashi 40 zuwa 60 na haɗarin kamuwa. Ragowar yana ga shekarun farawa, da ciwon damuwa, da wahalar da mutum ya sha yana yaro, da inda yake zaune. Lebura da ɗan acaɓa da manomi da yawa sun fara tiramol ne don ƙarfin aiki. Matar aure da ke cikin baƙin cikin zaman gida, ƙawa ce ta miƙo mata kwalba ta ce za ta samu barci.

Tasirin muhalli ya fito fili a yaƙin Biyetnam. A farkon shekarun 1970, wata mai bincike, Lee Robins, ta bi diddigin sojojin Amurka da suka dawo daga fagen fama. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin ko makamancinta a can. An zaci ƙasar za ta cika da mashaya, amma a shekarar farko da dawowarsu kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kamu ne kawai suka sake kamuwa. Sun bar tsoron mutuwa da arhar hoda da abokan sha a can, sun tarar da iyali da aiki a gida. Ƙwaƙwalwar da ta koyi sha tana iya koyon bari idan abin da ke kewaye da ita ya canza.

Haramta ƙwaya da kama dillalai wajibi ne, amma ba sa warkar da wanda ya riga ya kamu. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton bincikenta kan cinikin maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. A Fabrairun 2025 sai ga wani rahoton yana nuna yadda ake shigo da wata sabuwar ƙwaya daga Indiya zuwa Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa, haɗin tafentadol da wani maganin saki jijiya. Muddin masu nema suna nan ba a yi musu magani ba, 'yan kasuwa za su kawo musu wani abin.

Yadda ake magani

A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, suka fito da fiye da mutum 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Sai dai mari ba ya mayar da abin da ya ragu a ƙwaƙwalwa, duka kuwa yana ƙara wa sashen tsoro kaifi, wato yana hura wutar da ke mayar da mutum ga ƙwaya.

Magani na gaskiya yana farawa da bincike. Me yake sha, nawa, tun yaushe? Yana da ciwon damuwa ko taɓin hankali da ya kamata a haɗa da shi a yi magani? Lafiyar hantarsa fa, da ƙanjamau ga mai yin allura?

Sai matakin da jama'a ke kira wankin jini. Ba jini ake wankewa ba, rakiyar jiki ake yi har ya wuce kwanakin azabar rabuwa da abin da ya saba. Mai giya akan ba shi magani irin su diyazifam a riƙa ragewa a hankali, tare da allurar bitamin B1. Mai kodin ko tiramol akan sauƙaƙa masa ciwon gaɓoɓi da gudawa da amai da rashin barci. Abin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. A nan iyaye da yawa suke kuskure, su ga yaro ya yi fes ya fara cin abinci su ce ya warke. Wannan lokaci ya fi kowanne haɗari ga mai kodin ko tiramol, domin jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi, idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa.

Akwai magungunan da ake daɗewa ana sha. A tsakiyar shekarun 1960, a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander suka gwada bai wa masu shan hiroyin metadon sau ɗaya a yini, sai aka ga mutanen da suka zama abin tsoro a titi sun koma aiki da makaranta. Daga baya aka sami bufirenofin. Dukansu biyu suna kwantar da jarabar ba tare da buguwa ba idan likita ya auna daidai, suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin magungunan dole tun 2005. Ga mai giya akwai naltirekson mai rage daɗin da yake ji, da akamfiroset mai kwantar da jijiyoyi, da disulfiram mai sa jiki ya ƙi giya. Akwai kuma nalokson, wanda ke dawo da numfashin wanda ya zarce da kodin ko makamancinsa cikin mintuna.

Wiwi da sholisho ba su da magani nasu na musamman, kuma ko masu magani ba sa wadatuwa da shi. Dole a zauna da mutum. Ƙwararren mai ba da shawara yakan taimaka masa ya gano abubuwan da ke tayar masa da sha'awa, wane wuri, wane aboki, wane lokaci, wane irin ɓacin rai, sannan su tsara abin da zai yi idan ta taso, domin takan hau ta sauka cikin ɗan lokaci idan ba a biye mata ba. Wani masani, William Miller, ya fito da wata hanyar tattaunawa a 1983 wadda ba faɗa ba gori, ana jan mutum ne har ya faɗi dalilansa na son bari da bakinsa. Zaman tsofaffin mashaya suna ƙarfafa juna, irin wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a Akron ta Amurka a 1935, ya taimaki miliyoyin mutane. Bincike ya nuna maganin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne.

Saka iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba da tsarin. Mai fama da ƙwaya ma yana buƙatar gidan da ya san yadda ciwon yake, da sana'ar da za ta cika masa yini, da abokai sababbi.

Idan ya koma fa? A 2000 Thomas McLellan da abokan aikinsa suka gwada wannan ciwo da hawan jini da asma da ciwon suga. Kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa maganin shaye-shaye sukan koma, kuma adadin masu hawan jini da asma da ciwonsu ke sake tashi bai gaza haka ba. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi a gyara masa magani. Haka ya kamata a yi wa wannan. Kuma ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Hotunan da Volkow ta ɗauka a 2001 na masu shan metamfetamin, wadda ake kira ais, sun nuna hanyoyin dofamin sun dawo sosai bayan kimanin wata 14 da dainawa.

Malamai suna da babban rabo a wannan aiki. Haramcin giya a Alƙur'ani mataki-mataki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, a cikin al'ummar da ta saba da ita. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Haramcin yana nan, laifin yana nan, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Limamin da ya karɓi matashi a sahu, ya kuma ce wa ubansa ya kai shi asibiti, ya haɗa masa magani biyu.

Abin da ya rage

Binciken UNODC ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mashayan da ke cikin babban haɗari sun so a yi musu magani amma ba su samu ba, saboda tsada da kunya da rashin wurin zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri suna ƙoƙari, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da wuraren ba da shawara, amma mutumin ƙauye ba zai kai gare su ba sai ya sayar da akuya, mace kuwa sau da yawa ɓoye ta ake yi a ɗaki don gudun abin faɗa.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ake jira shi ne jihohi su aiwatar da ita: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya tantance mai shaye-shaye da fara masa magani, a ajiye nalokson a kowane ɗakin agajin gaggawa, a ware wa mata ɓangarensu da ma'aikata mata, a saka wannan jinya cikin inshorar lafiya. Uban da ya gano ɗansa yana sha kuma, ya kai shi asibiti mafi kusa tun a makon farko, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, kada ya kulle mai giya ko roci a ɗaki ya yanke masa lokaci guda, kuma ya shirya wa jinyar shekara guda aƙalla.

Allah ya shirya zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya.